Jan Fenti a Jikin Giyayyarmu

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in da ke kula da gidajen hutu na gwamnati, ta hannun Edita, don kowa ya ji.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa da ban girma, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah Ya dafa maka.

Sunana Sale, ɗan Sarkin Ruwan Kwatar Giyayya, wani ɗan ƙauye a bakin tafki cikin fadamar Haɗeja, ta wajen Guri. Ni ne mai tuƙa kwale-kwalen gidan hutunku da ke nan, wanda mu muke ce wa bariki. Wato ni ma'aikacinka ne, ƙarami cikin ƙanana, ko da yake ba ka san ni ba. Boko kuwa da gemuna na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in ka ga rubutun ya karkace ka yi mini afuwa, hannun ya fi sabawa da filafili.

Maganar itace ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata tsohuwar giyayya a bakin kwatarmu, gangaren bariki kaɗan, wadda ma'aikacinku ya shafa wa jan fenti, kuma an tabbatar mini sare ta za a yi kafin damina, don a zuba matakalar siminti inda baƙi za su riƙa shiga jirgi. Na je ofis a Haɗeja sau uku a kan keke. Zuwan farko aka ce mai maganar ya fita rangadi. Na biyu aka ce takarda ta riga ta wuce sama. Na uku kuwa wani akawu ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce, "Malam, a kan itace kake wannan zirga-zirga?" Shi ya sa na ce bari in biyo ta inda ba za a ajiye ni a benci ba. Ba tsiya na zo yi ba, wallahi. Ka ara mini kunnenka kaɗan in gaya maka ko mene ne itacen nan.

Na farko, asalin garin.

Kakan Babana masunci ne. Daga gabas ya biyo ruwa da jirginsa da matarsa da komarsa, ya iske tafkin nan ba kowa sai tsuntsaye. Ya ɗaure jirgi a jikin giyayyar, ya kafa bukka dab da ita don ya ga inuwa. Da cikowar shekara ta zo sai ruwa ya kwashe bukkar da tukwane da 'yan kajinsu. Matarsa, an ce mace ce mai baki, ta wanke shi tas. Shi kuwa sai ya ɗauki gatari ya shiga jirgi, ya sari itacen daidai inda ruwa ya tsaya, ya ce daga yau ba ya ƙara kafa komai ƙasa da nan. Da shekara ta zagayo ruwa ya tsaya a wani wuri dabam, ya sake sara a gefen na farko. Ka ji mafarin abin ke nan. Ba wani sihiri a ciki, mutum ne matarsa ta yi wa faɗa.

Bayansa sai gidan Arɗo suka sauko da shanu da rani, suka ga ɗanyar ciyawa, suka ƙi komawa. Mangawa suka zo neman ƙasar shinkafa. Wasu fatake masu goro da kanwa suka ya da zango na kwana biyu, yau jikokinsu ne telolinmu da mahautanmu. An yi ta auratayya har an gaji da tambayar asali. Ni kaina uwata Bafulatana ce, ta tsufa a gidan masunta, amma har ta koma ga Allah in ta ga ina cin gaiwa sai ta kau da kai ta ce Allah Ya shirye ni.

Barikin kuwa Turawa suka fara kafa shi kafin a ba mu mulkin kai, ɗaki biyu na jinka, suna zuwa da sanyi su harbi agwagin ruwa. Iyayenmu ne suka yanko ciyawar jinkar. Da suka tafi sai namu suka fara zuwa, malaman makaranta da likitoci da ma'aikata, su kwana biyu su sha iska, in zagaya da su tafki su kalli tsuntsaye, su koma da bandar kifi da tabarmin kaba da ƙwaryar nono. Mun ji daɗin barikin nan ƙwarai. Saboda shi aka yi mana hanyar mota, saboda hanyar aka kawo mana makaranta. Mata da yawa a garin nan da cinikin baƙinku suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Da muka ji an ce yanzu gwamnati ta samu kuɗin mai, za a ƙara ɗakuna a sa kwano, ba wanda bai yi murna ba. Don haka kada wani ya gaya maka mutanen Kwatar Giyayya ba sa son ci gaba.

Na biyu, aikin da giyayyar take yi mana.

Itacen ya rabu gida uku tun daga gindi, mu muna ce musu ƙafafu. Ƙafar farko ta cika da saran kakan Baba da na mahaifin Baba. Ta biyu ta Baba ce. Ta uku sumul take, ba a taɓa sa mata ƙarfe ba, an bar wa wanda zai gaje shi.

Ga yadda ake yi. In damina ta yi nisa ruwan gulbi yakan shigo tafki, ya yi ta hauhawa kullum har ya kewaye giyayyar. Sarkin Ruwa yana kafa kara a bakin ruwa yana dubawa kowace safiya. In aka yi safiya uku ruwa bai wuce karan ba, sai a yi shela cewa ruwa ya tsaya. Ranar kowa yakan sauko kwata bayan rana ta fito, Liman ya yi addu'a, Sarkin Ruwa ya shiga jirgi da ɗan gatarinsa ya sari itacen daidai fuskar ruwa, a hannun daman saran bara. Sa'an nan ya bi tsofaffin sare-saren ɗaya bayan ɗaya yana kankare su don kada ɓawo ya haɗiye su, yana faɗin abin da ya faru a shekarar kowanne, jama'a na ji. Waɗanda ruwa ya rufe sai a bari sai rani. Daga nan a ci tuwon shinkafa da miyar kifi a watse.

Kada ka ɗauka biki ne kawai. Da tsayin saran bana ake sanin ranar da ruwa zai janye daga burtali, Arɗo ya san yaushe zai sauko da shanu ba tare da ya taka wa kowa shinkafa ba. Da shi ake sanin gonakin da suka sha ruwa sosai za a dasa musu wake da rogo, da waɗanda za a bari su huta. Da shi ake yanka ranar buɗe su, wato kamun kifin gayya, don kafin ranar ko ɗan Sarkin Ruwa bai isa ya jefa koma a tsakiyar tafki ba, na san haka don na taɓa gwadawa ina saurayi, kuma bayana bai manta ba. Manomi da makiyayi in suka yi sa-in-sa a kan wata gona, ba a zuwa gaban alƙali. Sai a sauko gindin giyayya a nemi shekarar da ruwa ya yi irin na bana, a tuna yadda aka yi a waccan, a yi haka.

Har shekarun mutane a jikinta suke. Matata Hajara ta shekara biyu tana musu da maƙwabciyarta kan wace ce babba, kowacce na cewa ita ce yarinya. Da abin ya ishi mazan gidajen biyu sai aka kai su gaban itace, Baba ya nuna wa kowacce saran haihuwarta. Ashe Hajara ce ta girme ta da ciko uku, wato shekara uku. Ta yi mako ba ta gai da Baba da fara'a ba.

A zuwana na uku ofis, akawun nan ya ƙara da cewa ai dama ƙauyawa ba sa rabuwa da bautar itace. Ranka ya daɗe, wannan magana ta ƙona mini rai har yau. Mu Musulmi ne tun kakanni. Ba mu taɓa yanka ko kaza a gindin giyayyar nan ba, ba mu taɓa roƙon ta komai ba. A farfajiyar ofishinku na ga wani gwangwani a kan ƙarfe da aka ce na awon ruwan sama ne, ban ji an ce kuna bauta masa ba. To namu gwangwanin ke nan, sai dai shi yana yin ganye.

Na uku, Babana.

Baba ya tsufa ƙwarai, kuma idonsa ya tafi yau ciko biyar ke nan. Amma bai ajiye gatari ba. Ni nake tuƙa shi, in kama hannunsa in ɗora a inda ruwa ya taɓa itace, shi ya sara. Sauran sare-saren kuwa ba ya bukatar kowa. Da yatsa yake bin su, ya tsaya a kan ɗaya ya ce wannan shekarar da fara ta sauka ce, wannan shekarar da aka haifi Sale, wannan shekarar da ruwa ya shiga masallaci aka yi Juma'a a kan tudu. Wani malamin makaranta cikin baƙinku ya taɓa gwada shi, ya ɗauke hannunsa ya ɗora a wani sara can gefe ba zato. Baba ya shafa sau ɗaya ya faɗi shekarar, ya ƙara masa da sunan wanda ya kama giwan ruwa mafi girma a sun wannan shekara.

Mutum ne da bai taɓa yi wa itacen nan ƙarya ba. An yi wani Bulama, wato mai gari, a da, Allah Ya jiƙansa, da ya so a ɗaga saran wata shekara da faɗin yatsa biyu kawai, don gonarsa ta shiga cikin waɗanda za a hana shanu bi. Baba ya miƙa masa gatarin ya ce ya sara da hannunsa, a gaban mutane. Bulama ya mai da hannu cikin riga, ba a sake maganar ba.

Shekarun nan na baya ruwa ya yi ta ja da baya. Fari ya zo ya yi mana abin da ya yi wa kowa. Da ruwan sama ya dawo muka ce to, gulbi ma zai dawo, sai muka ji an ce an yi wata babbar madatsa can sama wajen yamma, ruwan da ke zuwa mana a can ake tare shi. Ban san gaskiyar lissafin ba, ni dai abin da na gani a jikin itace nake faɗa: kowane sara yana ƙasa da na gabansa. Bara ko jirgi ba mu shiga ba. Da ƙafa muka taka, ruwa iya idon sawu, Baba ya durƙusa cikin taɓo ya yi saran a can gindi, kuma da shi ƙafarsa ta itacen ta cika. Da ya miƙe na ga hawaye a gemunsa. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba, kuma na ji tausayinsa har na kasa cin tuwon ranar.

Na huɗu, kuskuren da muka yi, kuma ni ne kan gaba a ciki.

Da ranin nan, bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, wani saurayi mai awo ya zo daga wajenku. Yaro ne mai ladabi, Allah Ya yi masa albarka. Da aka kai shi gai da Baba sai da ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ni aka ce in bi shi da gwangwanin fenti da turaku. Ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya leƙa, ya rubuta, ya sa na kakkafa turaku a gangaren bariki. Can sai ya nufi giyayya, ya zagaya ta, ya zaɓi ƙafar nan ta uku mai sumul, ya tsoma buroshi ya ja jan layi mai kauri a kwance, daidai ƙirjinsa. Bai tambayi komai ba. Ni ma ban ce komai ba, don ban taɓa zaton akwai ɗan Adam da zai ga sare-saren nan bai san ko mene ne ba.

Ranka ya daɗe, ka sa kanka a matsayinmu. A jikin itacen nan ba a taɓa yin wata alama ba sai ta ruwa. Ga mutumin gwamnati, ga na'urar awo, ya fito daga wajen da aka ce ana tare mana ruwa, ya zo ya ja layi a kwance a ƙafar da ke jiran sabon sara, a tsayin shekarun da shinkafa ke cika rumbu. Me za ka ɗauka? Ni dai murna ta cika ni. Na ce a raina, shi ke nan, gwamnati ta auna, ta ce bana za a sako ruwa ya kai nan.

Ban san lokacin da na ajiye gwangwani na ruga cikin gari ba. Kafin la'asar mata na ta guɗa. Bulama ya saka babbar rigarsa ya sauko kwata da dattawa. Aka cika wa yaron nan kwando da bandar tarwaɗa, gidan Arɗo suka kawo man shanu, wata tsohuwa ta kawo masa ƙwai a cikin ƙoƙo. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake, "Haba Baba, ai aikina kawai na yi." Mu kuwa muna ta cewa ka ji tawali'u! Aka kawo Baba, na ɗora yatsansa a kan fentin tun bai gama bushewa ba. Ya auna da kamu daga ƙasa, ya yi murmushi, ya ce, "Irin na shekarar auren Sale ne." Ya riƙe hannun yaron ya yi ta sa masa albarka, yaro na cewa amin kansa a sunkuye. Ina jin har yau yana can yana mamakin ƙauyen da ake yi wa mai sare itace guɗa. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Shi bai sani ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

Na biyar, yadda na gane.

Bayan kamar wata guda wani direban tifa ya kawo tsakuwa. Yana neman inda zai juya mota sai ya ce mini, in an kawar da waccan zai riƙa kaiwa har bakin ruwa. Na ce wacce? Ya ce mai jan fentin mana. Na yi dariya na ce ai wannan alamar ruwa ce, na fara yi masa bayani ina taƙama. Ya ɗauka wasa nake. Ya ce shi ya yi shekaru yana bin masu aikin hanya, duk itacen da aka shafa wa jan nan gatari ne ke biye da shi. Da ya dubi fuskata sai ya daina dariya, ya ce, "Wallahi Malam ban san ba ku sani ba." Na zauna a kan tsakuwar nan har ya juya motarsa ya tafi.

Na je na gaya wa Bulama. Allah Ya sa da sauran lokaci, don magidanta uku sun riga sun fara sharar gonakin sama, suna shirin zuba irin shinkafar da suka ɓoye tun kafin fari, saboda jan layin nan. Bulama ya bi su gida gida ya tsai da su. Yau duk wani baligi a Kwatar Giyayya ya san gaskiya, sai mutum ɗaya.

Ba wanda ya iya gaya wa Baba. Bulama ya ce ni ne ɗansa. Liman ya ce a jira a ga abin da ofis za su ce. Ni kuwa sau uku ina zama a gabansa da niyya, in buɗe baki sai in ji ina tambayarsa ko ya sha kunu. Kullum da hantsi yana sa in kai shi gindin itacen, ya shafa tsofaffin sare-sare, sa'an nan ya ƙare da fentin, don santsinsa dabam ne a hannu. Tun ranar da aka ja layin nan ya koma cin abinci sosai. Ya sa an wasa gatarin, ya ba ni, ya ce bana ni zan yi saran farko a ƙafata, shi zai zauna a jirgi ya ji ƙararsa kawai. Mutane in sun wuce sai su gaishe shi su ce Allah Ya kai mu, su yi sauri su bar wurin. Gari guda muna yi wa makaho shiru a kan itacen da shi bai taɓa yi mana ƙarya a kansa ba. Kunyar wannan ta fi komai yi mini ciwo.

Na shida, abin da ya shafe ku.

Turakun da na kafa da hannuna na sababbin ɗakuna, guda huɗu cikinsu suna ƙasa da inda ruwa ya kai a shekarar da ya shiga masallaci. Saran wannan shekara yana nan, sai na ɗaga hannu nake taɓa shi. Za a ce yanzu akwai madatsa, ruwa ba zai sake yin haka ba. Mai yiwuwa. Amma ranar da ta cika dole a buɗe ta, kuma nan ruwan zai biyo, bai san wata hanya ba. Da mai awonku ya kwana ɗaya da Baba a gindin itacen nan, da ya samu abin da na'urarsa ba ta gani da rani. Kakan Baba bukka ɗaya ya rasa ya koyi wannan, ban so gwamnati ta koye shi da ɗakunan kwano ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ɗaya, a dakatar da sare giyayyar, a aiko da takarda a rubuce zuwa ga Bulama, don masu gatari ba sa jin maganar baki.

Biyu, a matsar da matakalar zuwa gabas kaɗan, wajen gorubai, tafiyar da ba ta fi jifa da dutse ba. Ƙasar wurin ta fi tauri, ruwan ya fi zurfi da rani, can ma nake ɗaure jirgin bariki in tafki ya ja. Bulama ya ce in gaya maka in an yarda, garin nan zai fito gayya, mu yi haƙa mu ɗebo yashi, ba ma son ko sisi.

Uku, a sake turo mana yaron nan mai awo, shi ɗin dai, ba wani ba. Kada a yi masa faɗa. A bar shi ya zauna da Baba da littafinsa ya rubuta shekarun nan tun mai faɗarsu yana da rai, don ni rabinsu kawai na riƙe.

Huɗu, in duk wannan bai yiwu ba, in takarda ta fi ƙarfin kowa kamar yadda aka gaya mini, to ina roƙonka da girman Allah ka turo mutum daga wajenku ya zo ya gaya wa Baba da bakinsa, kafin ya ji ƙarar gatari. Ni na gwada, ba zan iya ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi yi mini nauyi. Yanzu haka da nake rubutun nan a zaure, Baba yana zaune a gefena a kan buzunsa, yana jin ƙarar alƙalami. Ya tambaye ni wa nake rubuta wa, na ce babban jami'in bariki. Sai ya gyara zama ya ce madalla, dama abin na damunsa, an yi mana alheri ba mu aika da godiya ba. Ya ba ni saƙo, ya sa na yi alkawarin ba zan rage ko kalma ba. Ga shi:

"Ka gaya wa babban nasu, Sarkin Ruwan Kwatar Giyayya ya gode. Ka ce masa tun zuwan Turawa har tafiyarsu, ba wani mai mulki da ya taɓa kula da itacen nan sai shi. Ka ce fenti ba ya jure ruwa, amma kada ya damu. Ranar da ruwa ya kai wurin, Sale zai sara a kansa, alamarsa ba za ta ɓace ba."

Na rubuta yadda ya faɗa. Jarida takan iso mana ranar kasuwa, kuma malamin makarantarmu ne ke karanta wa dattawa a rumfar ƙofar masallaci, inda Baba ke zama. Na roƙe shi ya tsallake wannan shafi in ya fito, ya ce zai yi sau ɗaya. Ban sani ba ko ruwa zai sake kaiwa jan layin nan, wannan na Allah ne, ban roƙe ka shi ba. Abin da ke hannunka shi ne itacen ya kasance a tsaye ranar da ruwan bana zai tsaya, ko da a idon sawu ne, in samu inda zan yi saran da tsohon nan yake jira ya ji. Ka riga ka karɓi godiyarsa, ranka ya daɗe. Ina roƙonka ka bar masa giyayyar, kada godiyar ta zama ta banza.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare ka daga sharrin takardar da ake sa wa hannu ba a ga wurin ba. Allah Ya raya maka zuriya, Ya ba ka 'ya'yan da za su riƙe hannunka ranar da ido ya gaza. In ka samu hutu ka zo ka kwana biyu a barikinka, ni zan tuƙa ka da kaina, Hajara kuma ta ce bandarka na nan a ajiye.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sale ɗan Sarkin Ruwa,
mai tuƙa jirgin bariki, Kwatar Giyayya.